Bayani ya ci maki, wakili ya faɗi jarrabawa: nazarin kayan aikin AI a wani kamfani

Asalin lamarin

Kamfanin matsakaici ne, ta intanet yake sayar da kayansa, kuma yana da sashen da ke amsa saƙonnin kwastomomi ba dare ba rana. A farkon 2025 ya kawo wa sashen wakilin AI, wato manhajar da za ta karanta saƙo, ta gane abin da ake so, sannan ta aiwatar ba sai ma'aikaci ya sa hannu ba. Injiniya ɗaya aka damƙa wa aikin. Shugabar sashen kwastomomi ce ke duba sakamako, kuma ita ƙorafi ke fara samu.

Wakilin ba ya shiga rumbun bayanan kamfanin kai tsaye. Kayan aiki 12 aka ba shi: na neman oda, na duba matsayinta, na soke ta, na karɓar kayan da aka dawo da su, na mayar da kuɗi, na canza adireshi, na miƙa magana ga ma'aikaci, da sauransu. Samfurin harshen da ke tuƙa wakilin, wato manhajar AI mai karanta rubutu ta ba da amsa, ba ya ganin abin da ke cikin ko ɗaya daga cikinsu. Abu uku kawai ake nuna masa: sunan kayan aikin, 'yan jimlolin da ke bayyana shi, da jerin guraben da zai cike idan zai kira shi, waɗanda ake tsarawa da JSON Schema, wata ƙa'idar bayyana siffar bayanai. Haka abin yake tun watan Yunin 2023 da kamfanin AI na OpenAI ya fito da wannan hanya ta kiran kayan aiki. Ƙa'idar MCP ta haɗa samfuri da kayan aiki, da kamfanin AI na Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, wadda kamfanin ya yi amfani da ita, ita ma a kan wannan turba ta tafi. Duk motsin da wakili zai yi, daga waɗannan 'yan layuka yake yanke shawara, tamkar ɗan aiken da aka tura gidan da bai taɓa takawa ba, babu komai a hannunsa sai takardar kwatance.

Injiniyan bai zauna ya rubuta bayanan musamman ba. Kwaso su ya yi daga takardun cikin gida da aka rubuta wa masu haɗa manhaja shekarun baya, mutanen da suka san kamfanin ciki da waje. Bayanin soke_oda kalma uku ne: "Yana soke oda." Na mayar_da_kudi ya ce "Yana mayar wa kwastoma kuɗi," sai gurabe biyu, lambar oda da adadi. Sauran goman ma haka suke, layi ɗaya ɗaya.

Wata na farko: ƙorafi ya fara shigowa

Kwanakin farko sun wuce lami lafiya, domin yawancin saƙonnin tambaya ce kawai: ina kayana, yaushe za su iso. Matsala ta ɓullo ne daga saƙonnin da sai an taɓa kuɗi ko kaya.

Wani kwastoma ya rubuto cewa ya fasa, ba ya so. A lokacin kayan sun bar ma'ajiya, suna hannun masu kaiwa. Wakilin ya kira soke_oda, tsarin ya amsa, kuɗi suka koma wa mutumin, washegari kuma aka ƙwanƙwasa masa ƙofa aka miƙa masa kayan. Tsohon tsarin kamfanin yana barin a soke oda a kowane mataki, saboda ma'aikata sun san ba a sokewa bayan kaya sun fita; jira ake su isa, sannan a bi hanyar dawo da kaya. Wannan sanin a kan mutane yake, ba a rubuta shi ko'ina ba.

Na biyu ya fi ɓata wa kwastomomi rai. Gurbin adadi yana karɓar kuɗi ne a mafi ƙanƙantar kasonsu, kamar yadda manhajojin biyan kuɗi da yawa ke yi don kauce wa kuskuren lissafin ɗigo. A kuɗin da ake raba wa kashi ɗari, mai son mayar da 45 sai ya rubuta 4500. Wakilin 45 ya riƙa rubutawa. Mutane suka riƙa samun kashi ɗaya cikin ɗari na haƙƙinsu, tare da saƙo mai cike da ladabi cewa an mayar musu da kuɗinsu cif.

Sai kwanan wata. 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila kuma 3 ga Afrilu, gurbin kuwa bai faɗi wanne yake so ba.

Shugabar sashen ta tara saƙonnin ta kai wa injiniyan. Ta ce masa: "Injiniya, ni ban san abin da ke cikin injin nan ba. Amma sabon ma'aikaci in ya yi mini haka sau biyu, zama nake da shi in yi masa bayani. Shi wannan wa ya yi masa bayani?"

Wata na biyu: a tsawaita, a yi gargaɗi

Injiniyan ya ɗauki maganar. Jagorar Anthropic kan wannan aiki tana ba da shawarar kowane bayani ya kai aƙalla jimla uku zuwa huɗu, ya faɗi abin da kayan aikin ke yi, lokacin da ya dace a kira shi da lokacin da bai dace ba, da ma'anar kowane gurbi. Ya mayar da kusan kowane layi sakin layi guda, ya ƙara misalai, ya rubuta ma'aunin kuɗi a gurbin adadi. A babban umarnin da ke saman kowace tattaunawa kuma ya ƙara gargaɗi da manyan baƙaƙe: KADA KA SOKE ODA SAI KA TABBATA.

Matsalar adadi ta mutu nan take, ba ta sake dawowa ba. Ta sokewa kuwa juyewa ta yi. Wakilin ya koma yana miƙa wa ma'aikata hatta odar da aka yi minti goma da suka wuce, wadda ba a ko ɗauko kayanta daga kanta ba. Layin jira ya yi tsawo, wasu ododin da za a iya tsayarwa suka fita kafin ma'aikaci ya kai kansu. Duk da haka, jefi-jefi ana samun odar da ke kan hanya an soke ta. Kuɗin gudanarwa ma ya ƙaru, domin bayanan kayan aiki duka 12 ana tura wa samfurin su ne a kowane kira, kuma da yawan tokin, wato gutsattsarin kalmomi, ake lissafin caji.

Yadda ya gwada gyaran kafin ya sake shi ya cancanci a ambata. Ya buga 'yan saƙonni da hannunsa, irin su "ina so in soke odata," ya ga wakilin ya yi daidai, ya gamsu. Shi ya san sunayen kayan aikin, don haka kalmomin bayanin ne ke fitowa daga yatsunsa. Kwastomomi ba haka suke rubutu ba. Cewa suke "na fasa," ko "a bar shi kawai," ko "launin da na zaɓa kuskure ne, ya za a yi?"

Wata na uku: a ba bayanan maki

Da aka ga tsawo kaɗai bai wadatar ba, sai aka yanke shawarar a auna ingancin bayanan a tsare. Injiniyan ya fitar da sharuɗɗa biyar: bayanin ya faɗi aikin a sarari, ya faɗi lokacin kira, ya fassara kowane gurbi da ma'auninsa, ya faɗi abin da zai dawo, ya kuma yi gargaɗi idan aikin ba ya juyuwa. Kowane sharaɗi maki ɗaya zuwa biyar. Abokan aikinsa biyu suka karanta suka ba da maki, sannan aka ba wani samfurin harshe sharuɗɗan shi ma ya yi alƙalanci.

Makin ya fito da kyau. Aka gyara 'yan wuraren da aka yi ƙorafi, aka sake aunawa, ya ƙara kyau. Bayanin soke_oda ya samu cikakken maki daga alƙalai uku. Na nemo_oda da na duba_oda su ma haka. Wanda ya zo ƙarshe shi ne na canza_adireshi, wanda har lokacin jimla biyu ne kacal, duk alƙalan suka ce ya yi gajarta.

An lura cewa samfurin alƙalin yana fifita dogon bayani a kan gajere kusan ko yaushe. Wannan ba sabon abu ba ne: masu binciken da suka fito da ma'aunin MT-Bench a 2023 sun nuna cewa samfurin da aka sa alƙalanci yana karkata ga amsa mai tsawo, kuma wurin da aka ajiye amsa a jeri yana shafar hukuncinsa. Su kuwa alƙalan mutane tasu matsalar daban ce. Ma'aikatan kamfanin ne, duk giɓin da ke cikin bayani kansu ke cike shi kafin ido ya kai ƙarshen layi.

Takardar maki ta tafi wurin shugabanni. A kundin ƙorafin shugabar sashen kuwa babu abin da ya motsa.

Wata na huɗu: aka shirya jarrabawa

Shugabar sashen ce ta kawo abin da ya sauya alƙiblar aikin, ba da niyya ba. Ta turo wa injiniyan tarin saƙonnin da aka yi kuskure a kansu, ta ce ya zuba su ɗaya bayan ɗaya a gabanta ta gani da idonta, tunda gani ya kori ji. Daga nan tunanin ya samo asali: a daina tambayar ko bayanin ya karantu, a tambayi me wakili ke yi bayan ya karanta shi.

Aka zaɓo saƙonni 80 daga kundin tattaunawar gaskiya, aka cire sunaye da adireshi, aka bar rubutun yadda yake, da kurakuransa da gajarce-gajarcensa. Ga kowane saƙo, shugabar sashen da wata tsohuwar ma'aikaciya suka rubuta abin da ya kamata ya faru. An yi wa rumbun bayanan kwafi na gwaji, mai ododi a matakai daban-daban: wadda ba a shirya ba, wadda ke kan hanya, wadda aka kai, wadda aka riga aka mayar da kuɗinta.

Shawarwari huɗu aka yanke wajen tsara jarrabawar, kuma kowace tana da dalili.

Ta farko, sakamako ake dubawa a rumbun bayanai, ba maganar da wakilin ya gaya wa kwastoma ba. Watan farko ya riga ya nuna cewa yana iya cewa "an mayar da kuɗinka" alhali ba haka ba ne. Wannan ita ce hanyar da ma'aunin tau-bench na kamfanin Sierra ya bi a 2024: bayan an gama tattaunawa, a kwatanta halin da rumbun yake ciki da halin da ya kamata ya kasance. Fa'idarta ita ce ba a tilasta wa wakili bin hanya ɗaya tak. In ya isa inda ake so ba tare da ya ɓata wani abu ba, ya ci.

Ta biyu, an sa saƙonnin da amsarsu ita ce kada a kira komai. Wanda ya rubuto "akwai matsala da kayana" bai faɗi wace oda ba, bai faɗi wace matsala ba, abin da ya dace a yi masa tambaya. Jadawalin gwajin kiran kayan aiki na Jami'ar Berkeley shi ma yana da irin wannan rukuni, inda babu kayan aikin da ya dace, a ga ko samfuri zai kame hannunsa.

Ta uku, kowane saƙo sau biyar ake gwada shi, kuma sai ya yi daidai duka biyar ake cewa ya ci. Samfurin harshe ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum. Lissafin a fili yake: wakilin da ke yin daidai sau 9 cikin 10, idan gwaje-gwajen ba su dogara da juna ba, damar ya yi daidai sau biyar a jere kusan kashi 59 cikin ɗari ce. Masu tau-bench sun ga haka da GPT-4o, samfurin OpenAI: a ayyukan kanti, da aka nemi ya ci aiki ɗaya sau takwas a jere, nasararsa ta faɗo ƙasa da kashi 25 cikin ɗari. Kamfanin da ke karɓar saƙo iri ɗaya daga mutane da yawa, wannan ne lissafin da ya shafe shi.

Ta huɗu, aka ware saƙonni 20 aka kulle. Injiniyan 60 kawai yake gani yayin gyara. Na kullen sai an gama ake buɗewa, don a gane ko gyaran ya kama aikin ne gaba ɗaya ko kuwa ya dace da saƙonnin da aka zuba wa ido ne kawai.

Bayan zagayen farko aka zana jadawali: a gefe kayan aikin da ya kamata a kira, a sama wanda aka kira. Sannan injiniyan ya zauna ya karanta tattaunawar da ta faɗi, ɗaya bayan ɗaya, kira bayan kira.

Abin da jarrabawar ta tono

Babban abin da ya fito shi ne, matsalar sokewa ba a bayanin soke_oda take ba. A maƙwabtansa take.

Kayan aikin nemo_oda yana karɓar imel ɗin kwastoma ya dawo da jerin ododinsa: lamba, kwanan wata, kaya. Ba ya nuna ko kayan sun fita. Shi kuwa duba_oda yana karɓar lambar oda ɗaya ya dawo da matsayinta. Bayanan biyu duk da jimla ɗaya suka fara: "Yana kawo bayanan oda." Kowanne in an karanta shi shi kaɗai, gaskiya ya faɗa, kuma cikakke ne, shi ya sa kowanne ya ci maki. Amma wakili ba ya karanta su ɗaya ɗaya. Dukkansu ke gabansa lokaci guda, yana neman abin da ya raba su. A tattaunawar da ta faɗi, abin da ke faruwa kusan iri ɗaya ne: ya kira nemo_oda, ya ga odar tana nan, babu abin da ya ce ta fita, ya ɗauka ya gama dubawa, ya soke. Wani zagayen kuma, da saƙon nan dai, sai ya tuna gargaɗin manyan baƙaƙe, ya rasa yadda zai tabbata, ya miƙa wa ma'aikaci. Kuskuren watan farko da na wata na biyu ashe tushensu ɗaya. An ce masa ya tabbata, ba a gaya masa da me zai tabbata ba.

Na biyu shi ne misalan da aka ƙara a wata na biyu. A bayanin duba_oda an rubuta "misali A-1001" don nuna siffar lamba. Idan kwastoma bai ba da lambar odarsa ba, wani lokaci wakilin sai ya cike gurbin da A-1001 ɗin. A rumbun gwaji babu irin wannan oda, sai kiran ya faɗi. A rumbun gaskiya kuwa akwai ta, ta wani mutum ce daban. Alƙalan uku duk sun yaba wa misalin nan.

Na uku, saƙon kuskure. Idan kira ya faɗi, abin da ke dawowa lamba ce kawai, 400, babu ƙarin bayani. Wakilin yakan maimaita kiran nan sak, ya sake maimaitawa, daga bisani ya ba kwastoma haƙuri cewa tsarin ya samu tangarɗa. Babu wanda ya taɓa ɗaukar saƙon kuskure a matsayin wani ɓangare na bayani, sharuɗɗa biyar ɗin ma ba su ambace shi ba, alhali shi ne abin da wakili ke karantawa a daidai lokacin da ya fi buƙatar jagora.

A saƙonnin da ya kamata a yi tambaya, wakilin ya fi karkata ga kira da zato. Bayanan duk sun faɗi lokacin kira, babu wanda ya faɗi abin da za a yi idan wani gurbi babu abin cike shi.

Shi kuwa canza_adireshi, na ƙarshe a maki, bai faɗi ko sau ɗaya ba. Aikinsa ɗaya ne, sunansa ya faɗe shi, kuma babu wani kayan aiki da ya yi kama da shi.

Wata na biyar: gyara ɗaya, gwaji ɗaya

Ƙa'idar da aka bi ita ce a canza abu guda, a sake jarrabawar, a rubuta abin da ya motsa. Idan an canza uku lokaci guda sakamako ya gyaru, ba a san wanne ya yi aikin ba, kuma mai yiwuwa ɗaya daga ciki ɓarna yake yi sauran biyun suna rufe masa asiri.

An fara da maƙwabtan biyu. Bayanin nemo_oda ya samu ƙarin jimla: ba ya nuna matsayin kaya, don sanin haka a kira duba_oda da lambar da aka samu. Bayanin soke_oda ya koma haka: "Yana soke odar da ba ta bar ma'ajiya ba, ya mayar da kuɗin gaba ɗaya. Ba a iya janye sokewa. Kafin kira, a duba matsayin odar da duba_oda. Idan matsayin ya nuna tana kan hanya ko an kai, kada a kira wannan, a yi amfani da dawo_da_kaya." Aka goge gargaɗin manyan baƙaƙe daga babban umarni. Miƙa wa ma'aikata ba gaira ba dalili ya ragu sosai, sokewar kuskure ma ta ragu.

Ta ragu, amma ba ta ƙare ba. A cikin gwaji biyar na wasu saƙonni, musamman inda kwastoma ya rubuto cikin fushi yana cewa a soke yanzu-yanzu, akan samu zagaye ɗaya da wakilin ya tsallake dubawa. An juya jimlar ta hanyoyi daban-daban, abin ya ƙi ƙarewa. Daga ƙarshe aka bar rubutu aka koma kan kayan aikin kansa: sabar, wato kwamfutar da ke gudanar da kayan aikin, ta daina karɓar sokewa idan kaya sun fita, kuma maimakon lamba sai ta dawo da magana, cewa odar tana kan hanya, ba a soke ta, a yi amfani da dawo_da_kaya bayan an kai. Wakilin da ya yi kuskuren yana karanta wannan sai ya gyara hanya da kansa. Anthropic ta ba da labarin makamancin haka a Disamban 2024: samfurinta yana kuskuren hanyar fayil idan ya canza babban fayil ɗin da yake aiki a ciki, sai aka sa kayan aikin ya riƙa neman cikakkiyar hanya tun daga tushe, kuskuren ya ɓace.

Sauran gyare-gyaren sun tafi da sauri. Kwanan wata aka ɗaure shi da tsarin ISO 8601, shekara, wata, rana, kamar 2025-04-03. Dalilin dawo da kaya ya koma zaɓi daga jeri maimakon rubutu sakaka. Misalin A-1001 aka cire, aka bayyana siffar lambar a cikin tsarin gurbin, aka ƙara cewa idan kwastoma bai ba da lamba ba a nemo ta ko a tambaye shi. Daga baya ma aka sa nemo_oda ya riƙa dawowa da matsayin kowace oda, kira biyu suka zama ɗaya.

An kuma yi gwajin cirewa. A goge jimla ɗaya daga bayani, a sake jarrabawa. In babu abin da ya canza, jimlar ta tafi ke nan. Da yawa daga abin da aka ƙara a wata na biyu ta haka ya fita. Wasu bayanan suka gajarce, na soke_oda da na mayar_da_kudi suka zauna da tsawonsu.

Samfurin da aka sa alƙalanci a baya ya samu sabon aiki. Maimakon a ba shi bayani ya ba da maki, sai a ba shi bayanin tare da tattaunawar da ta faɗi, a ce ya nuna inda wakilin ya ruɗe, ya kawo gyara. A nan ya yi amfani ƙwarai, domin yana da shaida a gabansa. Anthropic ta ce a Yunin 2025 ta yi irin wannan, da wakilin da ke gwada kayan aiki sau da yawa sannan ya sake rubuta bayaninsa, kuma lokacin kammala aiki ya ragu da kashi 40 cikin ɗari ga wakilan da suka yi amfani da sabon bayanin. A kamfanin, duk gyaran da samfurin ya kawo sai ya bi ta jarrabawa kamar na kowa.

Da aka buɗe saƙonni 20 na kulle, sakamakonsu ya yi ƙasa kaɗan da na 60 ɗin, amma ba a samu sokewar kuskure ko kuskuren adadi a cikinsu ba.

Wata na shida: abubuwa biyu daga waje

Kamfanin ya koma sabon samfuri, mafi ƙarfi a kan takarda. Bayanan ba su canza ba, amma jarrabawar ta nuna koma baya a wuri guda. Akwai jimla a bayanin miƙa magana da ta ce a yi amfani da shi idan akwai shakka. Tsohon samfurin ba ya ba ta nauyi sosai, sabon kuwa ya ɗauke ta baƙi da baƙi, ya riƙa miƙa abin da zai iya yi. Aka maye gurbinta da jerin yanayin da ake miƙawa. An kama wannan kafin kwastoma ko ɗaya ya gani.

Na biyu, an jona kayan aikin bin sawun kaya na wani kamfanin sufuri, wanda ya zo da nasa bayanin. Bayanin ya ce a yi amfani da shi a duk tambayar da ta shafi oda. Nan da nan ya fara janye kiran da na duba_oda ne, jadawalin ya nuna haka ɓaro-ɓaro. Wannan zaƙewar mai rubutu ce kawai, amma ƙofar da ta bi ita ce wadda masu bincike na Invariant Labs suka yi gargaɗi a kanta a Afrilun 2025: ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, samfuri ya karanta ya bi, mai amfani bai gani ba. Ƙa'idar MCP tun bugun Maris 2025 tana da alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya ɓata abu, amma ita kanta ta ce ishara ce, ba a dogara da ita idan ba a amince da sabar ba. Kamfanin ya rubuta wa kayan aikin nasa bayanin, ya adana kwafin na asali, ya sa a riƙa sanar da injiniyan duk ranar da na wajen ya canza.

Sakamako da hukunci

Zuwa ƙarshen wata na shida sokewar kuskure da kuskuren adadi sun fita daga kundin ƙorafi, kuma abin da ke zuwa wa ma'aikata shi ne abin da dama nasu ne.

A ganina yunƙurin farko bai yi kuskuren magani ba, awo ne babu. Rubuta ma'aunin kuɗi ya yi aiki, gargaɗin manyan baƙaƙe ya yi ɓarna, misalin A-1001 ya buɗe ƙofar da ta fi ta farko haɗari, kuma duka ukun rana ɗaya aka sake su ba tare da hanyar rarrabe su ba. Yunƙuri na biyu ya fi yaudara, domin ya ba da lambobi, lambobi kuwa suna kwantar wa shugabanni hankali. Sai dai abin da ya auna shi ne yadda bayani ke gamsar da mai karatu, kuma ya auna kowane bayani shi kaɗai, alhali manyan kurakuran a tsakanin bayanai biyu suke zaune, ko a saƙon kuskure, ko a abin da kayan aikin ya yarda a yi da shi. Sharuɗɗa biyar ɗin ba a jefar da su ba. Suna nan a matsayin dubawar farko ga sabon kayan aiki, kuma da an yi amfani da su tun farko da sun kama gurbin adadi da na kwanan wata. Iyakarsu ke nan.

Jarrabawar ta yi aiki ne saboda saƙonnin na kwastomomi ne, amsoshin na waɗanda suka san aikin ne, kuma hukuncin daga rumbun bayanai yake fitowa. Rabon shugabar sashen a nasarar bai gaza na injiniyan ba: dokar da ta hana sokewa bayan kaya sun fita a kanta take, kuma sai da aka zo rubuta amsoshin jarrabawa ta sauka a takarda.

Akwai inda jarrabawar ba ta kai ba. Yawancin saƙonnin 80 buƙata ɗaya ce a saƙo ɗaya, alhali ƙorafin da ya rage yanzu daga doguwar tattaunawa yake fitowa, inda kwastoma ya ce a soke, can ya ce a'a a canza launi, can kuma ya kawo wata odar daban. Saƙonni 20 na kulle su ma an buɗe su, sun daina zama na kulle. Shugabar sashen ta karɓi aikin zaɓo sababbi daga kundin kowane mako, kuma rukunin da ake tarawa yanzu na tattaunawa ne masu juyi uku zuwa sama.